Bawul Ya Ƙi Mutuwa: Tarihin Masu Harhaɗa Amfilifayar Kunne da Hannunsu

Duk wanda ya tashi ya tarar da rediyon da ake kunnawa a jira ta ɗauki zafi kafin ta yi magana, ya san bawul ko da bai taɓa jin sunansa ba. Shi ne ɗan ƙwan gilashin nan da ke jere a bayan akwatin yana haske ja-ja. Wajen shekara hamsin kusan babu wata na'ura mai ƙara ƙarfin murya ko saƙo da ba da shi take aiki ba, tun daga rediyo da tarho mai dogon zango har silima mai magana da kwamfutocin farko. Daga baya taranzista ya zo ya ture shi, masana'antu suka rufe, makarantu suka daina koyar da shi. Duk da haka har yau akwai mutane a Japan da Jamus da Amurka da Rasha da ke zama da dare da ƙarfen dalma suna harhaɗa 'yar amfilifaya mai bawul biyu ko uku, don kawai su ɗora hedifon a kai su saurari abin da suke so. Ni ma ina cikinsu. A gyaran rediyo da talabijin na ci abincina, kuma ina so in faɗi inda wannan al'ada ta samo asali da abin da ya sa nake ganin bai kamata mu bar ta ta wuce mu ba.

Daga ƙwan fitila

Asalin bawul ƙwan lantarki ne. Wajajen 1880, sa'ad da Thomas Edison ke fama da ƙwayayensa da ke yin baƙi daga ciki, ya sa aka dasa wani ɗan ƙarfe a cikin gilashin, nesa kaɗan da zaren da ke ci. Sai aka ga wuta tana tsallakawa daga zaren mai zafi zuwa ƙarfen alhali babu waya tsakaninsu, kuma ta fuska ɗaya kawai take bi, ba ta dawowa. Edison ya nemi takardar mallakar abin a 1883, sannan ya kama wani aikin, domin a lokacin ba wanda ya san mene ne ke tsallakawar. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano ilektaron a Ingila.

A 1904 John Ambrose Fleming, malamin jami'a a Landan kuma mai ba kamfanin Marconi shawara, ya ɗauko wannan ƙwai ya mai da shi abin kama saƙon wayar iska. Nasa ƙafa biyu gare shi: zare mai zafi da ke fitar da ilektaron, da faranti mai karɓa. Bayan shekara biyu Ba'amurke Lee de Forest ya zo da nasa, wanda ya kira Audion, kuma a takardar da ya shigar a farkon 1907 ya saka wata siririyar ragar waya tsakanin zaren da farantin. Wannan ragar ita ce duk sirrin. Ɗan canjin wuta a jikinta, wanda bai taka kara ya karya ba, yana sarrafa babbar wutar da ke bi zuwa faranti. Aikinta irin na mai ban ruwa ne a lambu: ruwan na rafi ne, shi nasa ɗan motsin fartanya a bakin kwami, amma da motsin nan ruwa ke ƙaruwa ko ya ragu. In ka ba ragar 'yar siririyar murya, sai ta fito a faranti da kamanninta amma da ƙarfi.

Shi kansa de Forest bai gama fahimtar abin da ya ƙera ba, har yana zaton sauran iskar da ke cikin gilashin tana taimakawa. Harold Arnold na kamfanin tarhon Amurka da Irving Langmuir na General Electric su ne suka nuna, tsakanin 1912 da 1913, cewa sai an zuƙe iskar ƙarƙaf sannan bawul zai yi aiki a natse ya kuma daɗe. Amfanin haka bai jima ba ya bayyana. A watan Janairun 1915 aka buɗe layin tarho daga New York zuwa San Francisco, da bawul a tashoshin hanya yana farfaɗo da muryar duk inda ta fara dusashewa.

Lokacin da rediyo aikin hannu ne

Mutane da yawa ba su san cewa hedifon ya girmi lasifika a harkar rediyo ba. Rediyon farko da talaka ya mallaka ba ta da batir ba ta da bawul. Doguwar waya ce a sama, da naɗin waya a jikin kwali, da ɗan dutsen galena, irin wanda ake niƙawa a yi kwalli, sai wata siririyar waya da ake lalube da ita a jikin dutsen har a dace da inda yake kamawa. Duk ƙarfin da ke cikinta shi ne ɗan abin da eriya ta tsinto daga iska, wanda ba zai iya motsa komai ba sai faifan hedifon da ke manne da kunne. Saboda haka ake yin hedifon na lokacin da siririyar waya mai yawan naɗi, juriyarsa ta kai om 2,000 ko fiye. A riƙe wannan adadi, domin zai dawo a gaba.

Ko hedifon ɗin ma akwai wanda a gida aka yi shi. A 1910 wani mutumin jihar Utah, Nathaniel Baldwin, ya harhaɗa nasa a kan teburin kicin ya aika wa rundunar ruwan Amurka. Suka gwada suka ga ya fi nasu ji, suka nemi guda 100, ba su san mutum ɗaya ne ke yi da hannu ba.

Da tashar KDKA ta fara watsa shirye-shirye a Pittsburgh a Nuwamban 1920, BBC kuma ta biyo baya a 1922, sai gina rediyo ya zama ruwan dare. Ta kanti tsada gare ta, don haka ɗalibai da akawuna da manoma suka koma sayen kaya ɗai-ɗai suna bin zanen da mujallu irin su Wireless World da Popular Wireless ke bugawa. Hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka da kanta ta fitar da takarda a 1922 tana koya wa jama'a yadda za su gina rediyon dutse. Wanda ya ɗan samu kuɗi sai ya ƙara bawul ɗaya a bayan dutsen don muryar ta ƙaru a kunnensa. Wannan ita ce kakar amfilifayar da muke magana a kanta: bawul ɗaya, batir biyu, da hedifon.

Lasifika mai naɗin waya da maganaɗisu, irin wadda muke amfani da ita har yau, Chester Rice da Edward Kellogg ne suka bayyana ta a 1925. Daga nan rediyo ta koma ta falo, iyali duka su zauna su ji, hedifon kuwa ya koma hannun matuƙa jirgin sama da masu aikin tangaraho da ma'aikatan gidan rediyo.

Zane a mujalla, kaya a kwali

Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye bawul miliyoyi, ya kuma horar da dubban samari aikin rediyo da na'urar hangen jirage. Da aka gama yaƙi suka koma gida da sana'a a hannu, ga kuma rarar kayan soja ana sayarwa a araha. A nan ne al'adar ta yi ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Kamfanin Heath na jihar Michigan ya sayi tarin irin waɗannan kaya, a 1947 ya fara sayar da su a kwali tare da littafin da ke nuna mataki-mataki yadda mutum zai harhaɗa na'urar da kansa. Sunan Heathkit ya zama gidan kowa a wajen masu wannan sha'awa har farkon shekarun 1990.

A wannan shekarar ta 1947 wani matashin injiniya a Birtaniya, D. T. N. Williamson, ya buga zanen amfilifayarsa a Wireless World. Wat 15 take bayarwa da bawul KT66 guda biyu, kuma ta yi amfani da dabarar da Harold Black ya ƙirƙiro a 1927, wato a ɗebi kaɗan daga abin da ya fito a mayar baya a juye don ya goge kurakuran hanya. Tsabtar sautinta ta ba mutane mamaki, kuma tunda zanen a fili yake, aka yi ta gina ta daga Ostareliya har Amurka. Kamfanin Mullard, mai babbar masana'antar bawul a Blackburn, ya ga cewa duk wanda ya gina amfilifaya dole ya sayi bawul, sai ya fitar da nasa zanen a 1954, wanda aka sani da 5-10, wato bawul biyar wat goma. A Philadelphia kuma David Hafler ya fito da Dynaco ST-70 a 1959, wat 35 kowane ɓangare, aka sayar da fiye da 300,000, da yawansu a kwali suka isa gidajen masu su.

Akwai wani mutum da ya kamata a ambata a nan, Julius Futterman na New York. Bawul yana son wuta mai yawan bolt amma siririya, lasifika kuwa mai om 8 tana son wuta mai kauri. Abin da ke sulhunta su shi ne taransifomar fita, wadda ita ce mafi nauyi da tsada a duk amfilifayar, kuma naɗa mai kyau sai gwani. A 1954 Futterman ya buga hanyar da za a yi ba tare da ita ba. Ga lasifika hanyar tana da wahala, sai an jera bawul da yawa, amma tunaninsa ya zauna yana jiran ranarsa.

Yadda na same shi a shago

A ƙasarmu ma da bawul rediyo ta shigo. Akwatunan da aka ja wa waya zuwa gidaje da dandali a Kano tun 1944, daga amfilifayoyin bawul na tasha suke samun murya. Da Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, da kuma lokacin da gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, yawancin manyan akwatunan da ke gidajen sarakuna da ma'aikata, irin su Pye da Philips da Grundig, masu bawul ne. Wanda ba shi da lantarki sai ya nemi batir mai bolt 90 don faranti da wani mai bolt ɗaya da rabi don zare, abin da ya fi ƙarfin mutumin ƙauye. Taranzista, wanda aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell a Disamban 1947, shi ne ya kai rediyo gona da ruga, domin batirin tocila ya ishe shi. Ba na cikin masu kukan zuwansa. Ba don shi ba da kakanninmu da yawa sun mutu ba su mallaki rediyo ba.

A ƙarshen shekarun 1970 na shiga koyon aiki a wani shago a Sabon Garin Zariya. A lokacin taranzista ya riga ya ci kasuwa, amma tsofaffin rediyogiram da talabijin marasa kala ba su daina zuwa ba. Maigidana ba ya barin yaro ya taɓa su sai ya haddace dokoki biyu. Ta farko, in akwati yana kunne hannu ɗaya ke shiga, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta bi ta ƙirji. Ta biyu, kashe akwati ba ya nufin wuta ta tafi, domin manyan kondensa suna riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare filogi. In ya hango yaro ya miƙa hannu biyu sai ka ji tsawa daga ƙarshen shago: "Kai yaro, ina ɗaya hannun?" Ka ce, "Ga shi, Maigida," ka soke shi a aljihu.

Shi ya koya mini karanta bawul da ido. Ya ɗaga shi saitin taga ya nuna mini tabon nan mai sheƙin azurfa a saman gilashin. Sinadari ne da aka fesa tun a masana'anta don ya shanye duk wata sauran iska. Muddin yana sheƙi, gilashin a rufe yake. In ya koma fari fat, iska ta shiga, bawul ya tashi aiki. Sai ya ɗan ƙwanƙwasa wani da bayan biro akwati na kunne, in lasifika ta amsa da ƙara, to kayan cikinsa sun saki. In faranti ya yi ja, a kashe nan take a nemi kondensar da ke yoyon wuta zuwa raga. Yawancin cututtukan akwatin bawul ido da hanci da mita sun isa su gano su, kuma kowace waya kana iya bin ta da yatsa daga inda ta taso zuwa inda ta sauka.

Waɗanda suka hana shi mutuwa

Kamfanin RCA ya rufe masana'antar bawul ɗinsa ta Harrison a 1976, ta Mullard ma ta daina a farkon shekarun 1980. Da a ce Yammacin duniya kaɗai ke yi, da labarin ya ƙare nan. Ƙungiyoyi uku ne suka riƙe shi.

Na farko sojojin Tarayyar Sobiyet da na Sin, waɗanda suka ci gaba da amfani da shi. A Satumban 1976 wani matuƙi, Viktor Belenko, ya gudu da jirgin yaƙi MiG-25 ya sauka a Hakodate ta Japan, da aka kwance jirgin aka tarar da bawul a na'urorinsa. Saboda irin wannan buƙata masana'antu kamar ta birnin Saratov ba su rufe ba, kuma tarin bawul ɗin Rasha irin su 6N1P da 6N2P da suka fito kasuwa bayan 1991 su ne abincin masu harhaɗawa har yau.

Na biyu makaɗan jita. Amfilifayoyin Fender da Marshall da Vox da bawul aka san muryarsu, kuma makaɗan sun ƙi yarda da wani abu daban. Su ne kasuwar da ta sa ake ci gaba da ƙera 12AX7 da EL34 da 6L6 a Rasha da Sin da kuma masana'antar JJ a Sulobakiya.

Na uku Japanawa masu son sauti. Suna da mujallar wannan fanni, Musen to Jikken, tun 1924, suna da unguwar Akihabara a Tokyo inda ake sayar da kayan rediyo rumfa-rumfa tun bayan yaƙi. Lokacin da Amurkawa ke fitar da tsofaffin amfilifayoyin gidajen silima na Western Electric, Japanawa saye suke yi. Suka koma ga tsari mafi sauƙi, bawul ɗaya mai ƙafa uku kamar 300B na 1938 a kowane ɓangare, wat bakwai ko takwas. Jean Hiraga ya kai wannan ra'ayi Faransa ta mujallar L'Audiophile a ƙarshen shekarun 1970, daga can ra'ayin ya koma Amurka inda ya fito.

Bawul bai taɓa barin gidajenmu gaba ɗaya ba. Gilashin tsohuwar talabijin bawul ne, abin da ke dafa abinci a cikin na'urar ɗumama abinci bawul ne, haka wanda ke fitar da hasken hoton ƙashi a asibiti.

Hedifon ya dawo

Yayin da ake wannan, hedifon yana tasa tafiyar. Kamfanin Beyer na Jamus ya fito da DT 48 a 1937, John Koss na Milwaukee ya kawo na sitiriyo don sauraron faifai a 1958, Sennheiser ya fitar da HD 414 a 1968, shi ma om 2,000 kamar kakanninsa. Walkman na Sony a 1979 ya sa hedifon a kan kowa, amma ya ja juriyarsa ƙasa zuwa wajen om 32 don ƙaramin batir ya iya tura shi. Manyan hedifon na ɗakin ɗaukar sauti suka tsaya a om 250 da 300 da 600, kuma ƙananan na'urori ba sa iya ba su bolt ɗin da suke so.

A nan tunanin Futterman ya samu gida. Hedifon mai om 300, irin HD 600 da ya fito a 1997, yana son bolt da ɗan dama da siririyar wuta, daidai abin da bawul ke da shi. Ba a buƙatar taransifomar fita, kondensa ɗaya ta isa. Kuma 'yan miliwat kaɗan sun cika kunne. Wato abu biyu da suka sa amfilifayar bawul ta yi tsada, ƙarfi da taransifoma, duk sun faɗi.

Sennheiser ya nuna ƙarshen tsada a 1991 da Orpheus mai bawul, guda 300 kacal aka yi. Masu ƙaramin ƙarfi suka bi tasu hanyar. A 2002 injiniya Pete Millett ya buga wani zane da ke amfani da bawul ɗin rediyon mota na ƙarshen shekarun 1950, irin su 12AE6, waɗanda aka yi su don ƙaramar wuta. Da bolt 24 take aiki, bawul ya ƙara murya, taranzista ya tura hedifon. Daga baya ya fito da wata mai araha don ɗalibai da bawul 19J6 da ba wanda ya damu da shi, aka yi ta ginawa har bawul ɗin ya yi wuyar samu. Wajajen 2010 kamfanin Bottlehead na jihar Washington ya dawo da al'adar kwali da littafi da wata amfilifaya mai bawul biyu, 12AU7 da 6080.

A kan teburina

Irin wannan tsari na gina, da kayan da na tsinta. Murya tana shigowa ta maɓallin ƙara sauti zuwa ragar 12AU7, wanda bawul biyu ne a gilashi ɗaya, rabi na kunnen dama rabi na hagu. Shi ke ɗaga bolt. Daga farantinsa ta wuce ragar 6080, ƙaton bawul da asalinsa don daidaita wuta a na'urorin soja da na masana'antu aka yi shi. Shi ba ya ƙara bolt, ƙarfin turawa yake bayarwa, kuma daga ƙasansa ake ɗaukar muryar ta ratsa kondensa mai mikrofarad 100 zuwa kunne. Kondensar nan ita ce katanga tsakanin wutar bawul da kan mai sauraro, don haka ba wurin tsimi ba ne. Duka kayan ba su wuce a ƙirga su a tafin hannu biyu da 'yan kai ba.

Zaren 6080 kaɗai yana shan amfiya biyu da rabi a bolt 6.3, kusan wat 16 ke nan na ɗumi kawai, don a samu 'yan miliwat na sauti. Mai amfani da sola ya san da wannan kafin ya fara. Babban abokin gaba kuwa shi ne gurnanin wutar gida, domin abin da lasifika za ta haɗiye a falo, hedifon zai zuba maka shi cikin kunne. Maganinsa tsari ne. A murɗe wayoyin zare biyu tamau a kwantar da su a kusurwar shasi, a nesanta taransifomar wuta daga inda murya ke shigowa, a tara duk wayoyin ƙasa a wuri ɗaya. A ɗaura rizista a kan manyan kondensa don ta zuƙe wutarsu in an kashe, kuma duk da haka a auna da mita kafin a sa hannu. Shasin ƙarfe dole a haɗa shi da wayar ƙasa ta filogi, fis kuma ba ado ba ne. Ranar gwajin farko ba a sa hedifon mai tsada. Ana auna bolt a kowace ƙafa a gwada da abin da zane ya ce, sannan a jona na banza a ajiye shi a kan tebur a saurara daga nesa.

Samun bawul yanzu sai an yi oda daga waje ko an bi tsofaffin shaguna, kuma kasuwarsa siririya ce. Da Rasha ta hana fitar da wasu kayayyaki a Maris 2022, farashin bawul ya yi tsalle a duniya cikin 'yan makonni, domin masana'antun da suka rage ba su da yawa.

Abin da na gani

Masu talla suna cewa bawul ya fi komai tsabtar sauti. Mita ba ta yarda da su ba. Ɗan guntun da ke cikin wayar hannu mai kyau ya fi amfilifayata bin gaskiyar abin da aka ɗauka. Abin da bawul mai ƙafa uku ke yi shi ne ya ɗan ƙara wa kowace murya ninkinta na biyu, wanda kunne ke ji kamar kauri da taushi, kuma da wasu hedifon yakan ɗan kumbura ƙasan sauti. Ina jin daɗin haka, amma ado ne, kuma in ka sa masa ƙaramin iyafis mai om 32 ba za ka ji abin kirki ba.

Darajar aikin a wani wuri take. Yaron da ke gyaran waya a yau ya ƙware wajen cire allo ya sa wani, amma abin da ke faruwa cikin guntun baƙin nan a rufe yake gare shi, kuma ba laifinsa ba ne, haka aka ƙera shi. A amfilifayar bawul babu abin da ke ɓoye. Zai lissafa rizista da dokar Ohm, ya ɗaura ta, ya auna, ya ga lissafinsa ya fito a mita. In ya canza ta, kunnensa zai gaya masa abin da ya canza. Wanda ya bi wannan hanya sau ɗaya ya fahimci taranzista da inbata da cajar sola fiye da wanda ya haddace su a allo. Injiniyoyin da suka gina masana'antun lantarki na Japan da Amurka da yawansu daga irin wannan tebur suka taso.

Saboda haka ina kira ga malaman kwalejojin fasaha su sa irin wannan aiki cikin abin da ɗalibai ke ginawa, ga tsofaffin masu gyara kuma su buɗe akwatunan da suka ajiye su koya wa na baya tun suna da ƙarfi. Wanda ya gaji tsohuwar rediyo kada ya sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, domin taransifomarta da soket ɗinta da bawul ɗinta rabin kayan aiki ne. Kai kuma matashi mai sha'awa, fara da mai bolt 24, ka iya dalma da mita tukuna, kuma ranar da za ka taɓa mai bolt ɗari da wani abu ka tabbata akwai wanda ya san aikin a tsaye kusa da kai.